Saura sati 7 tseren karnukan saluki, maigida yace kullum su bi mota kuma a rage musu abinci. Ku bani shawara

Bazamfare a Abu Dabi: Slm 'yan uwa barkanmu da warhaka. Dan Allah masu sanin harkar dabbobi a gidan nan shawara nake nema, kuma kar wanda yayi min dariya. Ni aikina a nan kula da raƙuma ne a wata gona can wajen Madinat Zayed, to yaron da ke kula da karnukan maigida ya tafi gida hutu shine aka haɗa min da su. Saluki ne guda 3, maza biyu da karya ɗaya, kuma maigida yana so biyu su shiga tseren da akeyi lokacin bikin Al Dhafra, saura kamar sati 7. Tunda zafi ya shigo ba abin da suke sai ci da kwanciya a ɗaki mai esi, ɗayan ma har ya fara ajiye tumbi. Yanzu umarnin da ya bani shine kullum da yamma a ɗaura fata a bayan mota su bita kilomita 2 da cikakken gudu har ranar gasa, sannan in rage musu abinci rabi wai su bushe. Gsky raina bai kwanta ba. Haka akeyi?

Mai Shayi: hhhhh daga kiwon rakumi an samu karin girma zuwa kiwon kare, Allah ya kara daukaka mutumina. wai tsaya ma tseren kare kuma? in yazo na daya me za a bashi, kashi?

Bazamfare a Abu Dabi: Kai dai bari Mai Shayi, a ƙasashen nan akwai gasar da sabuwar mota ake ba mai karen da yazo na ɗaya. Da sanyi akeyi, nan da Dubai da Katar duk suna yi. Gunkin barewa ake ratayawa a jikin wani dogon ƙarfe da ya fito daga motar a kori kura, motar tana gaba karnuka na binta kowanne da 'yar rigarsa mai lamba, su kuma masu karnukan suna gefe a motocinsu ana ta hon da ihu kowa na kiran sunan nasa, ƙura kamar me. Nisan kilomita 2 ne wani lokacin har da rabi, ba wasa bane.

Baba Sarkin Dawa: Yaro maigidanka ya faɗi rabin gaskiya. Kare mai teɓa ba ya kama zomo, wannan ko jikana ya sani, kuma mu ranar da za a fita farauta ba ma cika wa kare ciki da safe. Amma maganar gudu kullum babu ita. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu farauta da rani ake yinta, to kafin a buga gangar farko karen ya riga ya gama bin mu gona da ƙafa duk kaka, safe da yamma, ya bi amalanke ya dawo, ƙafarsa tayi tauri numfashinsa ya zauna. Wanda ya ɗaure karensa a gida sai ranar fita ya kwance shi, kafin azahar zaka ganshi ya saɓo shi a kafaɗa.

Dakta Mai Allura: Wa alaikumus salam. Bazamfare kar ka fara wannan tsarin, ina roƙonka. Karen da yayi watanni a kwance aka ce ya zuba kilomita 2 da iya ƙarfinsa yau, gobe ma haka, abu biyu ne ke jiransa, ko jijiya ta tsinke ko tsoka ta lalace. Na biyun nan shi na fi tsoro, zaka ga bayan gudu bayansa ya sandare baya so a taɓa shi, yana tafiya a ƙage, fitsarinsa ya koma ja ko baƙi baƙi, to tsokar ce ke narkewa tana bi ta ƙoda, kuma yana kashe kare.

Abin da mutane basu gane ba shine zuciya da huhu suna saurin sabawa da aiki, cikin 'yan makonni zaka ga haki ya ragu sai ka ɗauka ya shirya, alhali jijiya da ƙashi da fatar tafin ƙafa su a hankali suke ƙarfi, suna baya. A wannan tsakanin ake karya karnuka. Kuma ba lokacin gudun tsoka ke ƙaruwa ba, gudun yana ɗan yayyaga ta ne, a kwanakin hutu take gyara kanta ta fi da ƙarfi. In ka hana hutun kullum yagewa kake ƙarawa.

Da nine kai ga yadda zan raba sati 7 ɗin. Sati biyun farko tafiya kawai a igiya, da asuba da kuma bayan rana ta faɗi, ka fara da kamar kilomita 2 ko 3 kana ƙarawa har 5, da ɗan sassarfa a tsakani, ka kuma sake su a fili suyi wasansu. A wannan lokacin zaka basu maganin tsutsar ciki ka duba kaska da ƙuma, in akwai rigakafin da ya rage ayi shi yanzu, kar a bari sai satin gasa. Daga sati na 3 sai a shigo da bin mota amma sau biyu kacal a sati, da kwana biyu ko uku a tsakani, a fara da mita 300 zuwa 400, sai 800, sai kilomita 1, a haura a hankali, sauran ranakun ana ci gaba da tafiya. Cikakken nisan gasar sau ɗaya ko biyu ya isa, na ƙarshen ya zama saura kamar kwana 10. Daga nan sai saukowa.

Bazamfare a Abu Dabi: Ngd sosai Dakta Allah ya saka. Amma saukowa kamar yaya? Ni a tunanina satin ƙarshe ne ya kamata a matsa musu.

Na Dablin: A'a wlh satin ƙarshe ne ma ake sassautawa. Bari in shigo a nan, ina zuwa kallon tseren girehan, wato karnukan tseren Turawa, a filin Shelbourne Park da ke nan Dablin jefi jefi kuma akwai wani dattijo abokin aikina da ya daɗe yana kiwonsu, a bakinsa na ji yawancin abin da zan faɗa. Su nasu tseren gajere ne, babbar gasarsu ta Dabi ta Ayalan yadi 550 ce wato mita 500 da 'yan kai, cikin kamar daƙiƙa 30 an gama, karen yana taɓa kilomita 70 a awa. Kai zaka ɗauka irin wannan karen kullum a guje yake, ina, yawancin ranarsa barci ne. Tafiya safe da yamma, gajeren gudu a miƙaƙƙen fili sau ɗaya ko biyu a sati, tausa, shikenan. In karen ya riga ya hau, tseren da yake yi sati sati ma ya ishe shi atisaye. Ana gobe gasa ba ya komai sai 'yar tafiya ya miƙe ƙafa, so ake ya shiga akwatin tashi yana zumuɗi yana ƙaiƙayin gudu.

Sannan maganar rage abinci rabi, a Ingila doka ce ana ɗora kowane kare a sikeli kafin tsere, in nauyinsa ya bambanta da na tserensa na baya da fiye da kilo 1, sama ko ƙasa, cire shi ake. Kaga su basu yarda da a busar da kare dare ɗaya ba.

Baba Sarkin Dawa: To ai ku 'yan boko kullum sai kun kawo mana Ingila. Ni dai abin da idona ya gani, kare mai yunwa yafi zafin nama. Wanda ya ƙoshi in zomo ya tashi sai ya tsaya yana kallonka.

Dakta Mai Allura: Baba ranka ya daɗe ban ƙi taka ba, har ma akwai binciken da ya goyi bayanka. A jami'ar Fulorida an gwada rage wa karnukan tsere abinci da kashi 15 cikin 100, suka ɗan faɗa, kuma suka fi sauri a mita 500, bambancin bai kai daƙiƙa ɗaya ba amma a tsere wannan tazara ce babba. Sai dai Baba kashi 15 daban rabi daban. Kuma waɗancan karnuka ne da suka riga suka horu, gudun rabin minti suke. Na Bazamfare kilomita 2 za suyi, a daidai lokacin da ake ƙara musu aiki in ka zaftare abinci rabi ba kitse kaɗai zai tafi ba har tsokar cinya jiki zai cinye.

Mai tumbin nan shi kaɗai za a ɗan rage wa, kaɗan kaɗan, a dinga auna shi duk sati a rana ɗaya lokaci ɗaya. Saluki dama siriri ne, yawanci kilo 18 zuwa 27, in ya hau daidai zaka ga haƙarƙari biyu ko uku na ƙarshe da ido, ciki a ɗame, amma in ka dafa cinya da gadon baya ka ji su cike da tauri. In ƙashin baya ya fito tsuru tsuru cinya ta zube to an wuce gona da iri.

Baba Sarkin Dawa: To yanzu ka yi magana. Karen bana shi ke maganin zomon bana, ku ci gaba da sikelinku, mu hannu muke sawa mu sani.

Dan Abalak: Salamu alaikum jama'a. wanga kare da kuke hwadi kama gare shi da na Buzayenmu na nan, dogo ciki dame kahwa kamar kara. Turawa sunka kwashe su wajen shekarun 1970 sunka kai Faransa da wasu kasashe suna kiranshi Azawak, sunan kwarin da ke tsakanin Nijar da Mali, yanzu har tsere suka sa su can. Nan ba mai auna mishi abinci, hura da nono ne sai in ya kama zomo ko an yi yanka, amma shina bin rakumma da garke wuni guda cikin rana bai gaji ba. Abin da ni gani tahiya ita ke gyara kare. kuma ka lura da kahwa dan uwa, karen da ya saba da daki mai sanyi tahin kahwarshi lubus yake, rairai mai zahi ko tsakuwa na sabule mishi hwata rana guda

Bazamfare a Abu Dabi: Wlh kamar ka gani, tafin nasu laushi kamar me. Na ga wasu tsofaffin Larabawa a nan suna sa wa nasu lalle a ƙafa, nace ko ado ne ashe wai don ta yi tauri ne. Dakta yana aiki?

Dakta Mai Allura: Tsohuwar al'adarsu ce, amma kar ka dogara da ita, kuma ka hana su lasa. Abin da ke taurara tafi shine tafiya a ƙasa iri iri, yau yashi gobe ƙasa mai ɗan tauri, a hankali. Kafin ku fita ka ɗora bayan hannunka a ƙasa ka ƙirga bakwai, in ka kasa jurewa shima ba zai iya ba. Bayan kowane gudu ka wanke ƙafafun ka buɗe tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, yashi na maƙalewa a gindin farce yayi gyambo. Farcen kuma a yanke shi gajere, dogon farce ne ke karya yatsa in kare ya taka da gudu.

Sai zafi, wanda a wurinku shine babban abokin gaba. Kare ba ya gumi a jiki kamar mu, da haki yake fitar da zafi. Zafin jikinsa na lafiya 38 zuwa 39 ne, bayan gudu mai tsanani yana iya haura 41, abin dubawa shine yana sauka ko a'a. Ka sayi ma'aunin zafi, ba tsada. In ya gama gudu kar ka jefa shi mota, ka zagaya da shi a igiya minti 10 zuwa 15 a inuwa, ka jiƙa masa ciki da cinyoyi da ƙafafu da ruwa mai sanyi, ruwan sha kaɗan kaɗan har hakin ya lafa. In ka ga yana tangaɗi, dasashi yayi jajir ko ya koma fari, yawu na dalala mai kauri, ka ci gaba da zuba ruwa ku nufi asibitin dabbobi a lokacin. Haka kafin gudu, kar a sauke shi daga mota a sake shi kai tsaye, minti 10 na tafiya da sassarfa tukuna jiki ya ɗau ɗumi.

Uwar Biyu: Ni tausayi ma suka bani. Bazamfare me kake basu ne wai? In ragowar shinkafar gidan ce irin ta Larabawa ai cike take da albasa, kuma na taɓa ji albasa ba ta yi wa kare.

Bazamfare a Abu Dabi: Hajiya kin canka, akwai na buhu da ake siyo musu amma masu girki suna juye musu ragowar shinkafa da ƙashin kaza.

Dakta Mai Allura: Hajiya ta yi gaskiya, albasa da tafarnuwa suna fasa ƙwayoyin jinin kare, karen tsere kuwa jininsa ne jarinsa. Dafaffen ƙashin kaza kuma tsagewa yake ya soki hanji. A daina duka biyun yau. Ka tsaya kan na buhun mai kyau, ka ƙara nama da ƙwai dafaffe da ɗan kitse, don kare yafi mutum iya ƙona kitse a dogon gudu, dabarar 'yan gudun fanfalaki ta cika ciki da taliya ana gobe tsere ba tasa bace. Kar ka canza abinci a sati biyun ƙarshe, zawo zai sa su. Babban abinci da dare bayan jiki ya huce, kuma kar a taɓa sa su gudu da cikakken ciki, masu zurfin ƙirji irinsu ciki na iya murɗewa ya kumbura, wannan in ba tiyata aka yi da gaggawa ba mutuwa ce. Ranar gasa ɗan abu mara nauyi awanni da dama kafin a fara ya isa. Ruwa kuwa kar a hana, kare mai kilo 25 yana shan wajen lita ɗaya da rabi a rana ko ba ya aiki, balle a can.

Ɗan Makaranta: Maganar kitse ta tuna min da wani bidiyo da na kalla a YouTube na tseren Iditarod a Alaska, karnuka na jan keken ƙanƙara wajen kilomita 1,600 har garin Nom, tun 1973 akeyi duk watan Maris. Kare ɗaya na ƙona kalori 10,000 a rana, kifi da nama da kitse suke ta ɗura musu, har safa ake sa musu a ƙafa. Su tun kafin ƙanƙara ta sauka suke fara horo da babur mai ƙafa huɗu, 'yan kilomitoci kaɗan, wata da watanni. Kuma a cikin tseren dole kowa ya tsaya hutun awa 24 sau ɗaya da na awa 8 sau biyu.

Mai Shayi: duk wannan dogon turanci, ku jefa masa tiramol daya a nama kuga aiki, ko nes kofi mai kauri hhhh

Dakta Mai Allura: Mai Shayi ko da wasa kar ka faɗi haka wani zai ɗauka. Maganin kashe zafi ɓoye ciwo yake, karen ya taka ƙafar da ta tsage har ta karye gaba ɗaya. Kofi da cakulan guba ne gare su, haka ibufurofen da farasitamol na mutane. A manyan filayen Turai gwada fitsari ake, ko kafeyin aka gani hukunci ne.

Ustaz Na Ƙofar Gari: Assalamu alaikum. Ban zo ɓata muku hira ba. Horar da kare don farauta yana cikin Alƙur'ani, Suratul Ma'ida aya ta 4, kuma hadisi ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, a mazhabarmu ta Malikiyya ma kare mai rai ba najasa bane. Inda malamai suka yi magana shine tsere don kyauta, saboda hadisin da ya ambaci kibiya da raƙumi da doki kawai, wasu sun tsaya a kan ukun wasu sun faɗaɗa in kyautar daga mai shirya gasa take. Caca dai babu saɓani haramun ce. Shi kuma Bazamfare amana aka bashi, hana dabba abinci har ta galabaita zalunci ne ko wane ne ya bada umarni.

Na Dablin: Allah gafarta malam nan kam caca ce ƙashin bayan abin, shi yasa ni kallo kawai nake. Kuma harkar tana ja da baya saboda raunukan da karnukan ke ji, a zagayayyen fili suke gudu kullum suna karyawa hagu, sai ƙashin agarar ƙafar dama ta baya ya dinga tsagewa. Jihar Fulorida ta kaɗa ƙuri'ar hanawa a 2018 aka rufe filayen a ƙarshen 2020, Niyuzilan ma ta sanar da nata hanin a Disamba 2024. Ku naku a miƙe ake gudu, wannan sauƙi ne babba.

Bazamfare a Abu Dabi: Jama'a na dawo da rahoto. Na samu maigida bayan sallar isha na karanta masa bayanin Dakta da ɗan Larabcin da nake da shi, da farko ya murtuke, da na kawo maganar fitsarin nan sai yayi shiru yace ya taɓa rasa kare a haka. Ya yarda da sau biyu a sati, abinci kuma yace in yi yadda na gani amma in sun sha kashi ni da shi ne hhh. Mun fara tafiyar asuba. Sai dai karyar tun jiya tana ɗan ɗingisa ƙafar gaba ta hagu in ta tashi daga kwance, in ta ɗan taka sai ya wuce. Kuma ita yafi sa rai da ita. Shekararta ɗaya da wata ɗaya.

Dakta Mai Allura: Tsaya, wata 13? Ai ka bar babbar magana sai yanzu. Wannan ƙashinta bai gama ƙwari ba, a Ingila ma ba a barin kare ya shiga tsere sai ya cika wata 15, kuma nasu mita 500 ne. In akwai rukunin ƙanana mai gajeren nisa to wannan daban, shima sai ƙafar ta warke, amma kilomita 2 ba nata bane bana. Yau ka duba tafin da tsakanin yatsun ko ƙaya ce ko tsaga, ka lanƙwasa kowane yatsa a hankali, ka taɓa wuyan ƙafar ka gwada da ta dama ko akwai zafi ko kumburi. Hutu kwana uku, fita fitsari kawai a igiya. In bai wuce ba ku kaita a ɗauki hoton ƙafar. Mazan biyu shekarunsu nawa?

Bazamfare a Abu Dabi: Ɗaya 2 da rabi, mai tumbin 4.

Dakta Mai Allura: To su zaka shirya. Ka turo min hotonsu a tsaye ta gefe da ta sama, da nauyin kowanne na wannan satin, sai mu ga nawa za a rage wa mai tumbin.